Takalman Hagu na Yayana

Yayana mai ɗinkin takalma ne, kuma duk layinmu ba mai kiransa da sunansa na gaskiya, sai dai a ce Daidai. Shi ya jawo wa kansa sunan. In ya gama maka takalmi ka zura ƙafa, sai ya durƙusa ya danna kan yatsunka da babban yatsansa, ya ɗago ya tambaye ka, "Yana matsa ka?" Kafin ka buɗe baki ya riga ya ba kansa amsa: "Daidai." Abin haushin kuma, da wuya ka kama shi da kuskure.

Shagonsa ɗan ƙarami ne, tsakanin mai aski da mai gyaran rediyo. Tun daga bakin ƙofa warin gam da na fata ke tarbarka. A ciki akwai tebur da guduma ta gama lotsa shi, da baƙin keken ɗinki na takawa da ƙafa, da gwangwanin basilla da ƙananan ƙusoshi. A bango kuma katakai ne rataye, waɗanda ya sassaƙa da hannunsa cikin siffar ƙafafun masu zuwa wurinsa. Yaya ba ya riƙe fuska. Za ka gaishe shi a hanya ya amsa a daƙile, sai ya kalli ƙasa ya ga ƙafarka, sannan ya washe baki ya ce, "A'a, ashe kai ne! Ya dunduniyar nan?"

Ni ce auta a gidanmu. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma har na yi aure ban taɓa sa takalmin kanti ba. Kullum in na kai masa gyara sai ya juya takalmin ya ce, "Auta, wai ke da ƙasa faɗa kuke yi ne? Ki riƙa taka ta a hankali, ba ita ta ɓata miki rai ba." Ni kuma in ce ya ɗinka mini mai ƙwari ya daina surutu. Haka muka tashi, shi da tsokana, ni da tsiwa.

Abin da ya same shi ya fara ne da son da yake yi wa aikinsa. Wata damina ya je duba wani abokinsa a bayan gari, sanye da sabon sau-ciki da ya ɗinka wa kansa. A hanyar dawowa ya tarar ruwa ya mai da hanyar taɓo. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana yi wa jama'a faɗa kan yawo ba takalmi, shi ne ya tuɓe nasa ya rungume a ƙirji don kada laka ta ɓata fatar, ya ratsa gonaki da ƙafa tsirara. Ƙaya ta soke shi a tafin ƙafar hagu. Da ya dawo ya sa basilla ya cire ta, ya goge wurin, ya manta. Takalmin kam ko ɗigon laka bai taɓa shi ba, har nuna mana ya yi.

Bayan wasu watanni wani ɗan ƙulli ya fito a wurin, mai tauri, ba zafi ba ƙaiƙayi. Sai dai in ya sa takalmi ya ji yana tokare shi. Da wani ne da ba sana'arsa ba, da ya ɗingisa, da an gani an tambaye shi. Yaya zama ya yi ya ɗinka sabon takalmin hagu, ya ƙwaƙule ɗan rami a cikin tafinsa daidai inda ƙullin zai kwanta. Na dama bai taɓa shi ba, don a cewarsa bai yi laifin komai ba. Ya shafe sabon da mai, ya murza shi da ƙura har ya tsufa ya zama sa'an ɗan'uwansa. Ya sa, ya taka, ya ji shiru.

Daga nan abin ya zama masa hanya. Ƙulli ya girma ya zama kumburi, kumburi ya haye bayan ƙafa. Duk sanda takalmi ya fara matsa shi, sai ya ƙara wa katakon ƙafarsa ɗan faci ya ɗinka wani. Ya san dabarun da ke sa takalmi mai faɗi ya yi kama da siriri: inda zai karkatar da ɗinki, inda zai duhunta fata, yadda zai ƙara wa na dama tsayi kaɗan don tafiyarsa ta miƙe. Ya sa tela ya ƙara wa wandunansa tsawo. Shekaru aka yi haka, mai aski da ke shan hira da shi kullum bai gane ba, mai rediyo bai gane ba. Ni ma da ake cewa idona ba ya barin komai, takalmi kawai nake gani, kuma takalmin ba shi da aibu.

Mutum ɗaya ce ta sani, matarsa, ita ma ya ɗaure ta da alkawarin kada ta gaya wa kowa. Ita ta ga sanda ƙananan huji suka fara buɗewa a kumburin suna tsiyayar da ruwa, a cikin ruwan kuma wasu 'yan ƙwayoyi fari-fari kamar tsakin yashi. Wani hujin ya rufe, wani ya buɗe a gefensa. In ta matsa masa sai ya biya kemis ya karɓo kafso na 'yan kwanaki. Ruwan ya ɗan tsaya, ya ce mata, "Kin gani? Ya mutu." Ba a jimawa sai ruwan ya dawo.

Akwai ranar da ta kusa cin nasara, daga baya ta ba ni labarin. Ƙafar ta ƙi shiga takalmi sam, har ya yarda da bakinsa cewa yau za su asibiti. Ta shirya tun da safe, ta yafa mayafi ta zauna a bakin gado. Sai ya ce bari ya leƙa shago ya samo abin da zai zura, don ba zai je gaban likita da silifa ba kamar wanda ba shi da sana'a. Ta yi ta jira har rana ta juya. Da ya dawo, sanye yake da takalmin da har yau yake cewa bai taɓa ɗinka kamarsa ba. Ya sa masa roba mai miƙewa a ɓoye ƙarƙashin harshen, ya shimfiɗa soso mai laushi, ya yi masa wani ɗan aljihu a ciki inda zai riƙa sa ƙyalle yana shanye ruwan, in ya jiƙe ya canja. Ya yi ta kai da kawowa a tsakar gida yana cewa, "Ina ciwon? Nuna mini ciwon." Ta ce ta daɗe tana kallonsa, sannan ta cire mayafin ta ninke ta mayar cikin akwati.

Keken ɗinki ne ya tona shi a ƙarshe. Ƙafar ta yi nauyi ta sandare har ba ta iya taka shi, aiki ya fara taruwa, masu kaya suka fara guna-guni. Wata safiya matarsa ta yi sallama a gidana, ko zama ba ta yi ba ta ce, "Auta, zo ki ga yayanki. Ni na gaji da rufa masa asiri, in ya ga dama ya yi fushi da ni."

Na tarar da shi yana juya keken da hannu. Na janyo ƙyauren shagon na rufe.

"Yaya, cire takalminka."

"Ikon Allah. Ba gaisuwa?"

"Ina kwana. Cire takalminka."

Ya dubi matarsa da ke bayana, ta kau da kai. Ya yi 'yar dariya ya ce ɗan kumburi ne, mata ne da zuzuta abu. Na ce to in ɗan kumburi ne ai cirewa ba wuya. Ya daɗe yana kwance igiyar, kamar mai jiran in canja ra'ayi.

Ban san ƙafar mutum na iya zama haka ba. Ta kusa ninka 'yar'uwarta, ta yi baƙi ta yi tauri kamar kututture, yatsun sun daina taɓa ƙasa. Huji ko'ina, wasu sun warke sun bar tabo, wasu suna jiƙe, har sun fara hawa idon sawu. Na buɗe baki zan zazzaga masa masifa irin wadda na saba, sai kuka ya riga ni. Shi kuwa, wai don ya lallashe ni, takalmin ya miƙo mini ya ce, "Amma dubi cikinsa, Auta. Dubi aikin." Wallahi da ba yayana ba ne da na kwaɗa masa shi a ka.

Ƙaramin asibitin unguwa suka duba suka tura mu babba. A can muka faɗa hannun wata likita, matashiya, mai magana a hankali, wadda Yaya ya fara duba takalminta kafin fuskarta, ya raɗa mini cewa na kanti ne kuma yana cin ta a dunduniya. Ta daɗe tana duba ƙafar. Da ta ji labarin 'yan ƙwayoyin nan masu kama da yashi, sai ta gyara zama. Ta sa aka matsa wani huji aka kwashi ƙwayoyin a kwalba, aka yanki ɗan nama don gwaji, aka ɗauki hoton ƙashi.

Ranar da sakamako ya fito ta zaunar da mu ta yi mana bayani yadda za mu gane. Ta ce ciwo ne da ba a cika ganinsa ba, ita kanta 'yan kaɗan ta taɓa gani. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a cikin ƙasa, ƙaya ko tsinke ke shigar da su ƙarƙashin fata. Ba sa gaggawa kuma ba sa sa zafi da farko, shi ya sa mutane ke raina su. Suna dunƙulewa su zama wannan tsakin da muke gani, nama ya yi tauri ya kewaye su, don haka kafso na 'yan kwanaki ba ya kai musu, sai dai ya lallaɓa su. Suna cin nama a hankali, in aka bar su su shiga ƙashi.

"Iri biyu ne," in ji ta. "Akwai wanda dangin fumfuna ke kawowa, wannan yana da taurin kai, sau da yawa sai an haɗa da wuƙa. Akwai na bakteriya. Naka na bakteriya ne, Baba, mai jin magani."

Yaya ya juyo ya dube mu da fuskar wanda ya ci gardama. Likitar ba ta yi murmushi ba. Ta ɗaga hoton ƙashin a jikin fitila ta nuna mana. Ko ni da ban san karatun hoto ba na ga yadda ƙasusuwan suka yi ramuka kamar katakon da gara ta shiga. Ta ce za a gwada iyakar ƙoƙari, amma ba ta yi alkawarin ƙafar ba.

Maganin ba na wasa ba ne. Ƙwayoyi safe da yamma ba fashi, wata da watanni, ga allurai da ake yi zango-zango, a yi a huta a sake. Allurar tana iya taɓa kunne da ƙoda, don haka kowane zango sai an auna jininsa an gwada jinsa. Ta gargaɗe shi cewa ranar da ya ga ciwon ya bushe, ranar ce mafi haɗari, don a nan mutane ke ajiye magani cutar ta dawo da ƙarfi. Abin mamaki, Yaya da ya yi shekaru yana gudun asibiti ya zama wanda ma'aikatan jinya ke ba da misali da shi. Bai taɓa tsallake ƙwaya ɗaya ba. Ya ɗauki abin kamar aikin da aka ba shi ya gama. Yana zaune a layin allura yana kallon ƙafafun mutane yana ba su shawarar da ba su nema ba.

Kuma maganin ya yi aiki, wannan ne ke ƙona mini rai har yau. Hujin da suka hau idon sawu suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Kumburin ya sauka, ruwan ya ragu, warin ya tafi. Muka fara sa rai. Amma daga idon sawu zuwa ƙasa, ƙashin ya riga ya ruɓe, cutar ta samu maɓoya a cikinsa, ƙafar kuma ba ta iya ɗaukar nauyinsa. Zafin da bai ji ba a shekarun farko yanzu ya zo masa gaba ɗaya. Bayan an kai ruwa rana, likitar da mai fiɗa suka zaunar da mu suka ce abin da ya rage shi ne a cire ta daga ƙasan gwiwa, don a tsira da sauran.

Yaya bai yi gardama ba. Da aka kwantar da shi ana jiran ranar aikin, ya kira ni ya ce in je shago, ƙarƙashin tebur akwai wani buhu, in kawo masa. Na ɗauka kayan aiki ne zai rage zaman banza. Da na buɗe sai na ga takalma, duk na hagu. Yaya ba ya yar da aikin hannunsa. Duk wanda ya matse shi ya cire, a nan yake ajiye shi.

Ya jera su a kan gadon asibiti, daga ƙaramin har babban, ya sa aka kira masa likitar.

"Likita, tambaya gare ni. Ga yadda ƙafar ta yi ta tafiya. A wanne ne da na zo, magani kaɗai zai ishe ni?"

Ta ce, "Baba, wannan ba zai amfane ka da komai ba yanzu."

"Na sani. Ni mai awo ne, ina so in san awon."

Ta ce ba za ta iya rantsewa ba, ƙashi ba a ganinsa ta takalmi. Ya ce ya yarda, ta dai kimanta. Ta dube ni, na ɗaga kafaɗa, don na san ba zai bar ta ba. Sai ta fara ɗaukar su ɗaya-ɗaya tana zura hannu a ciki, tana laluben ramukan da ya ƙwaƙule, tana duba tabon ruwa a shimfiɗar. Ni a raina na ce za ta tsaya a na farko ko na biyu, mu ce to ai tun da nisa ne, wa zai sani. Ta wuce su. Ta wuce na tsakiya. Ta yi ta tafiya har ta kusa ƙarshen layin, sannan ta ɗaga wani mai roba a ƙarƙashin harshe da ɗan aljihu a ciki.

"In ban yi kuskure ba, har a wannan da sauran dama sosai."

Matar Yaya ta gane takalmin kafin kowa. Ta tashi ta fita baranda. Shi kuwa ya karɓe shi ya juya shi a hannu, ya shafa ɗinkin da yatsa. Can ya ce, a hankali, "Da ban iya aiki ba, Auta, da ranar nan na je."

An yi aikin lafiya. Ya ci gaba da shan magani har likitar ta ce ya isa, cutar kuma ba ta dawo ba. Ya koma shago da sanda, mai rediyo ya haɗa wa keken ɗan inji don ya daina buƙatar taku. Masu kaya suka dawo, don har yanzu ba wanda ya kai shi. Tsokanar ma ta dawo, sai dai ta rage ƙarfi. Na lura kuma in ya danna yatsun mutum ya tambaya ko yana matsa shi, yanzu yakan yi shiru ya jira amsa. Buhun nan ban san inda ya kai shi ba, amma mai robar yana kan tebur, a cikinsa yake zuba ƙananan ƙusoshi.

Da kututturen ƙafar ya warke sosai aka auna masa ƙafar roba. Masu haɗa ta suka ce ya kawo takalmin da zai riƙa sawa, ya ce su ba shi mako. Na je shagon ranar da ya gama. Sau-ciki ne baƙi, hagu da dama, girmansu ɗaya, abin da ya yi shekaru bai ɗinka wa kansa ba. Ba rami a ciki, ba roba, ba aljihu. Ya sa na dama, ya sa wa ƙafar robar na hagu, ya ɗaure igiyoyin da kyau. Na ce, don in sa shi dariya, "To Malam Daidai, ba za a duba ba?"

Ya sunkuya ya danna kan na dama, ya gyaɗa kai. Ya kai yatsa kan na hagu ya danna, ya sake dannawa da ƙarfi. Na tsaya ina jiran kalmar nan da na ji daga bakinsa tun ina yarinya.

"Wannan ba ta ƙorafi," ya ce. "Duk shekarun nan ita waccan tana gaya mini, ni kuma ina ɗinka mata abin da zai rufe mata baki. Ƙafar da za ta yi mini shiru nake nema, Auta. To ga ta na samu."

Ya miƙo hannu, na ba shi sandarsa.